Shekara shida muna benci ɗaya, ban san ƙofar gidanta ba

Maman Rahila, Sabon Gari:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Ku yi haƙuri yau zan yi tsawo, abin ne ya tsaya mini a rai tun ranar Talata.

Akwai wata dattijuwa da muke zama benci ɗaya a Mas na ƙarfe shida, gefen taga, shekara shida ke nan. Kullum da farin ɗankwalinta da carbi mai baƙaƙen 'ya'ya, da wani guntun soso da take durƙusawa a kai saboda gwiwa. Mukan gaisa, mukan ba juna hannu lokacin salama. Mama kawai nake ce mata. Tun cikin Azumi na daina ganinta, na ce a raina ta tafi gida ganin jikoki. Ranar Talata wata Hajiya da ke sayen manja a wurina ta ce, "Maman Rahila, ashe ba ku san 'yar cocinku tana kwance ba? Wata biyu fa." Ashe maƙwabciyarta ce a Muciya. Ita ke dama mata kunu, ɗanta ne ya kai ta asibiti har sau biyu a kekensa. Na ja ƙofar shago na bi ta.

Na tarar da Mama a ɗaki ɗaya, ƙafafu a kumbure, fitila ba batir. Ba ta yi mini ƙorafi ba ko kaɗan. Abin da ta tambaya shi ne ko za a iya kawo mata Jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki da ake karɓa a Mas, ta daɗe ba ta karɓa ba. Jama'a, tsakanin gidana da nata bai kai tafiyar minti goma ba. Allah ya saka wa Hajiya da alheri, amma ni kunya ta hana ni barci.

Bara Fada ya yi ta sanarwa a kafa zumuntar unguwa, gida goma ko goma sha biyar su riƙa haɗuwa mako-mako. Muka yi kunnen uwar shegu, har da ni. Shi ne nake tambaya, me ya hana mu?

Ladi, Kongo:
Wayyo Mama. Allah ya ba ta lafiya. Wannan labari ya taɓa ni.

Yakubu, Palladan:
Girma ga Maryamu. Maman Rahila, sannu da ƙoƙari, amma bari in faɗa miki abin da ya hana ni. Mun yi wannan abin a wajenmu, zon ake ce masa. Zama na farko addu'a. Zama na biyu addu'a da zaɓen shugaba, sakatare, ma'aji, mai tsawatarwa. Zama na uku sai ga littafi. Kuɗin gini, kuɗin godiyar kaka, kuɗin tarbar baƙo, tarar makara, tarar rashin zuwa. Ni da nake tuƙa keken wani, nake kai masa balas kowace yamma, in bar aiki in je a karanta sunana cikin masu bashi a gaban matata? Na daina zuwa. Da yayana ya rasu, abin da aka fara tambaya shi ne katinsa ya cika ko bai cika ba. Gawa na kwance ana lissafi. Ba zan faɗi farish ɗin ba, amma ba zan manta ba.

Maman Rahila, Sabon Gari:
Ayya Yakubu, Allah ya ji ƙansa. Wannan kam ba a kyauta ba.

Malam Bitrus, Samaru:
Yakubu ƙanena, abin da aka yi muku ofishin haraji ne aka laƙaba masa sunan zumunta. Kuma dokar Ikilisiya ba ta goyon bayansa. Kundin dokoki na 1983, doka ta 848 ta ce kada talauci ya sa a hana mabukaci sakramenti, ta 1181 kuma ta ce kada a hana matalauci jana'izar da ta dace. A rubuce suke.

Asalin abin daban ne, kuma ba Turawa suka kawo mana shi a akwati ba. Bishop-bishop na Kwango sun fara maganarsa tun 1961. Na gabashin Afirka, wato su Kenya, Tanzaniya, Yuganda, Zambiya da Malawi, sun tattauna shi a Nairobi a 1973, a 1976 suka mai da shi babban aikin da suka sa a gaba. Can jumuiya suke ce masa, kuma kowace jumuiya takan ɗauki sunan wani waliyyi. Dalilinsu mai sauƙi ne: Fada ɗaya, mutane dubbai, ba yadda za a yi ya san wanda ke kwance a Muciya. Bayan taron bishop-bishop na Afirka a Roma a 1994, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zo Yawunde a 1995 ya sa hannu a takardar da ta kira Ikilisiya iyalin Allah, ta kuma ce ba za a ga wannan iyali a zahiri ba sai an kasu ƙanana yadda mutane za su san juna. To iyalin da uwa za ta kwanta wata biyu ba wanda ya leƙa, wane irin iyali ne?

Yakubu, Palladan:
Malam, takarda daban, abin da ke ƙasa daban. Ku 'yan boko kun iya kawo shekaru.

Malam Bitrus, Samaru:
Na karɓa. Amma in ba ka san yadda aka ɗinka rigar ba, ba za ka gane an sa maka ita a bai-bai ba.

Baba Katikis:
Salama 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa.

Na yi aikin katikis shekaru masu yawa a ƙauyukan wajen Ikara tun muna ƙarƙashin Kaduna, kafin a ba Zariya nata dayosis a shekarar 2000, marigayi Bishop George Dodo ya zama na farko. Lokacin Fada yakan zo mana wata-wata, in damina ta yi ƙarfi rafi ya cika sai mu yi wata biyu ba mu ga babur ɗinsa ba. Amma coci ba ta mutu ba. Ran Lahadi mu taru a ɗakin jinka, in karanta Bishara, a yi roƙo, a watse. In wani bai zo ba, kafin azahar an aika yaro ya dubo. In namiji ya kwanta lokacin noma, ran Asabar a yi masa gayya, mata su dafa tuwo su kai gona. In mace ta haihu, Zumuntar Mata su ɗauke mata ɗiban ruwa da surfe har ta yi arba'in. Ba mu san wani suna da ake kiran wannan ba. Ba sakatare, ba tara.

Da na dawo birni wurin ɗana, na shiga coci na ga mutane kamar kasuwa, fanka na juyawa, mawaƙa da kayan kiɗa na lantarki. Na yi wata uku ba wanda ya tambaye ni sunana. Abin da Malam Bitrus ke cewa an ƙirƙiro a Nairobi, mu mun yi shi a ƙauye ba mu san muna yi ba. Zumunta a ƙafa take, 'ya'yana. Ku kuna so ku yi ta a waya.

Ladi, Kongo:
Baba ya harbe mu duka da dutse ɗaya.

Maman Chidi, Layin Zomo:
Sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni a Sabon Gari aka haife ni, Hausa ta fi Ibo zama a bakina, don haka bari in faɗi abin da kowa ke kauce wa. Ba wai ba mu da ƙananan ƙungiyoyi ba ne. Muna da su har sun yi yawa. Bayan Mas ku leƙa harabar coci: nan taron Ibo, can na Tibi, can Idoma, ƙarƙashin mangwaro Bajju, a aji ɗaya Atyap, Hausawa Masihiyawa su ma a gefe. Kowa da littafinsa, kowa da ankonsa. In ɗan ƙabilarku ya rasu, kafin dare an haɗa kuɗin mota an kai shi gida. Wannan abin kirki ne, ban raina ba. Amma tsohuwar da Maman Rahila ke magana, in ƙabilarta mutum uku ne a farish fa? Ta faɗa tsakanin benci da benci ke nan.

Zumuntar unguwa tana da wuya ne don ba kai ke zaɓar maƙwabcinka ba. Wanda kuka yi faɗa da shi kan kwata ko kuɗin wuta, shi ne zai zauna a tabarmarka ya buɗe Littafi. Kuma da wane harshe za a yi? In aka yi Turanci, tsofaffi su yi shiru. In aka yi Hausa, wanda ya zo daga Anaca bara ya yi ta kallon silin.

Malam Bitrus, Samaru:
Yaya, wannan matsalar ta girmi kakanninmu. Ayyukan Manzanni sura 6: masu jin Helenanci suka yi gunaguni ana manta gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce a yi shiru don zaman lafiya ba, suka sa aka zaɓi mutum bakwai, kuma duk bakwai ɗin sunayen Helenanci ne da su. Wato ɓangaren da aka yi wa laifi aka damƙa wa ludayi. Harshe kuwa, a karanta aya sau biyu, Hausa da Turanci, kowa ya yi roƙo da harshen da yake kuka da shi.

Ladi, Kongo:
Ni tambayata ta matasa ce. Da yawa daga cikin ƙawayena a makaranta sun koma wasu majami'u, kuma ba koyarwa ce ta ja su ba. Ranar da ka fara zuwa za a rubuta sunanka, gobe a kira ka, in ka yi zazzaɓi a zo ɗakinka da ayaba. Mu kuma sai ka gama digiri ba wanda ya san ka taɓa zuwa. Amma gaskiya ina tsoron wani abu. Na taɓa zuwa irin wannan zama a unguwarmu, wani baba ya riƙe magana awa ɗaya da rabi yana wa'azi a kan wandon 'yan mata. Ban koma ba.

Wani Fada:
Salamar Almasihu. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Yakubu, ka yi haƙuri. Abin da aka yi ranar rasuwar yayanka kuskure ne, kuma sau da yawa mu ne muke jawo shi, don idan aka aiko mana da abin da farish zai biya, hanya mafi sauƙi ita ce a raba wa zon-zon. Daga ranar da aka yi haka, shugaban zumunta ya zama mai karɓar haraji, mutane su fara ɓuya in sun hango shi.

Ladi, 'yata, maganin baban nan yana cikin tsarin da wata cibiya mai suna Lumko a Afirka ta Kudu ta fitar, mataki bakwai. Ba wa'azi a ciki sam. Wani ya gayyaci Ubangiji da gajeriyar addu'a, a karanta Bisharar Lahadi mai zuwa, kowa ya ɗauki kalma ɗaya ko 'yar jimla da ta taɓa shi ya faɗe ta a hankali, sai a yi shiru na 'yan mintoci. Shirun nan shi ya fi ba mutanenmu wuya. Bayan haka mai so ya faɗi abin da ya ji a zuciyarsa, ba gyara wa wani, ba gardama. Sai a zo kan aiki: wa ke kwance, wa ya rasa aiki, ɗan wa aka koro daga makaranta, wa zai je, yaushe. A rufe da roƙo. Awa ɗaya ta isa. Mako mai zuwa a fara da tambayar ko an je.

Abu ɗaya zan ja kunne. Paparoma Bulus na Shida ya yi gargaɗi tun 1975 cewa irin waɗannan ƙungiyoyi kan lalace in suka ware kansu suna ganin su kaɗai ne na gari. Na ga inda zumunta ta koma gidan wani mai gani, ana zuwa da ruwa a jarka ana faɗa wa mata surukarsu ce ta ɗaure musu ciki. Don haka kada shugaba ya daɗe, kada a dawwama a gida ɗaya, kuma ranar Lahadi kowa ya dawo bagade ɗaya.

Yakubu, Palladan:
Na gode Fada. Wannan ne karo na farko da wani mai farar riga ya ce mini a yi haƙuri kan maganar nan.

Maman Chidi, Layin Zomo:
Tunda Fada ya taɓo masu gani, ku nemi labarin Mai Albarka Benedict Daswa. Shugaban makarantar firamare ne a Afirka ta Kudu, mai mata da 'ya'ya takwas. Tsawa ta yi ta ƙona ɗakuna a ƙauyensu, dattawa suka ce kowa ya kawo rand biyar a ba boka ya nemo mayen. Ya ce tsawa tsawa ce, ba zai ba da kuɗin da za a kashe wani da shi ba. Ranar 2 ga Fabrairu 1990 suka tare masa hanya suka kashe shi. A 2015 Ikilisiya ta ɗaga shi zuwa matsayin Mai Albarka, matakin da ke kafin waliyyi. Duk lokacin da aka fara nuna wata tsohuwa da yatsa a unguwa, shi nake tunawa.

Yakubu, Palladan:
To kun gani, shi ma kuɗin karo-karo ya ƙi biya.

Ladi, Kongo:
Kai Yaya Yakubu! Allah ya shirye ka.

Malam Bitrus, Samaru:
Dariya na yi har shayi ya zube. Amma maganar waliyyai tana da muhimmanci a nan, don mun mai da su hoton kalanda. Muna sa wa yara sunan Kizito ba mu gaya musu yaro ne ɗan kimanin shekara 14 ba, ko cewa Charles Lwanga, wanda ba Fada ba ne, shi ya yi masa baftisma da dare a fadar sarkin Buganda, a Yuganda ta yau, da suka ga mutuwa ta matso. A Namugongo aka ƙone su ranar 3 ga Yuni 1886. 'Yan tsirarun samari ne da ke koya wa juna addu'a a ɓoye. In wannan ba ƙaramar zumunta ba ce, ban san mece ce ba.

Wadda ta fi burge ni ita ce Victoire Rasoamanarivo ta Madagaska. A 1883 yaƙi ya tashi da Faransa, aka kori dukan mishan na Katolika daga ƙasar, ba Fada ko ɗaya. Matar nan, 'yar gidan sarauta, ta tsaya aka buɗe coci-cocin da aka rufe, ita da wani Burada da ƙungiyar samari suka riƙa zagaya jama'a ana taron Lahadi ana koyar da yara. Da Fada-Fada suka dawo bayan kusan shekara uku, suka tarar da Ikilisiya a raye. Ku tambayi kanku, in aka wayi gari haka a Zariya, mako nawa za mu yi?

Baba Katikis:
Malam, kada ka tsallake namu na gida. Fada Tansi. An naɗa shi a 1937, ya yi ta yawo da ƙafa da keke ƙauye-ƙauye a ƙasar Ibo, shi ya yi wa Kadinal Arinze baftisma yana yaro. Daga baya ya tafi gidan sufaye a Ingila ya rasu can a 1964. Da Paparoma ya zo Oba kusa da Anaca a 1998 ya ɗaga shi, mun saurara a rediyo a ƙofar coci. Abin da nake so ku riƙe, mutumin ya san gidajen mutanensa. An ce yana da zafi, ba ya wasa, amma ƙafarsa ta taka ƙofar kowa.

Maman Rahila, Sabon Gari:
Baba, ni ma ina tuna yaron nan Michael Nnadi, da aka sace a seminari ta Kaduna a Janairun 2020 aka kashe shi yana shekara 18. Bishop ɗinmu na yanzu, Habila Daboh, shi ne shugaban makarantar a lokacin. Ba a kira shi waliyyi ba tukuna, amma in na ga hotonsa sai in ga ɗana.

Istifanus, Dogarawa:
Ku gafarce ni, na makara. Duk na karanta. Ba wanda ya yi maganar tsaro. A zamanin nan ka tara mutum ashirin a gidanka kowane mako, kowa ya san ɗakinka, ya san lokacin da kake fita? Ni gidan haya nake, mai gidan Alhaji ne, mutumin kirki, shekara tara ba mu taɓa sa-in-sa ba. In fara kiɗa da waƙa a tsakar gidansa da magariba, ai na nemi magana.

Maman Chidi, Layin Zomo:
Wa ya ce a yi kiɗa? Ƙarfe huɗu a fara, biyar a tashi, kafin kiran salla kowa ya kama hanya. Ka je ka sami Alhaji tun kafin ranar ka gaya masa baƙi za su zo addu'a, ba lasifika ba ganga. Yadda kake kai masa shinkafar Kirsimeti yana aiko maka naman layya, ba zai hana ba. In ya nuna bai so, a yi a gidan wani.

Istifanus, Dogarawa:
Ƙarfe huɗu maza suna wurin nema, Yaya. Za ta koma Zumuntar Mata ta biyu.

Maman Rahila, Sabon Gari:
Ko an sa ƙarfe goma na dare ba za ku zo ba. Ranar da ake ƙwallo kuwa ƙarfe huɗu kuna gidan kallo.

Istifanus, Dogarawa:
Mama, a bar kaza cikin gashinta.

Yakubu, Palladan:
Ni har yanzu ban yarda za a yi abin nan ba kuɗi ba. Mama tana buƙatar magani, wa zai saya? Da an ce a haɗa, littafi ya dawo.

Baba Katikis:
Ɗana, haɗawa daban, haraji daban. Mu ƙwarya muke ajiyewa a bayan ƙofa a rufe da faifai. Mai shiga ya sa hannu, ko ya saka ko bai saka ba, Allah kaɗai ya sani. Wani hatsi yake kawowa, wani ƙwai biyu. A ƙirga a gaban kowa, a kai wa mai buƙata a ranar, kada ya kwana. Kuɗin da ya kwana shi ke haifar da ma'aji.

Wani Fada:
Baba ya gama magana. Maman Rahila, ki sami Fadan farish ɗinku yau ko gobe ki gaya masa, ya je ya ji furcinta ya shafa mata mai, ya kai mata Jibi. Kada ki jira Lahadi.

Maman Rahila, Sabon Gari:
Na je da safen nan, Fada. Ya ce gobe bayan Mas zai bi ni. Na kuma zagaya layinmu da na bayanmu, na ƙirga gida tara na 'yan coci, huɗu ban taɓa sanin Katolika ba ne sai yau. Ɗaya ma mai gyaran waya ne da nake kai wa caji. Mun sa Lahadi ƙarfe huɗu, don kada maza su sami hujja. A tsakar gidan su Mama za a yi tunda ba ta iya fita, Hajiya ta ce za ta ba mu tabarmi biyu. Na tambayi sunan Mama kuma, na ji kunya amma na tambaya.

Yakubu, Palladan:
Palladan da nisa, amma zan zo in gani da idona. In za a koma da ita asibiti a kira ni, ba sai an biya ba. Amma na rantse in na ga biro da littafi, ko ana tsakiyar Ubanmu zan tashi.

Ladi, Kongo:
Zan zo da ƙawata mai karatun jinya ta duba ƙafar. Wace sura za a karanta, in shirya ta Turanci?

Maman Rahila, Sabon Gari:
Ta ranar Lahadin, ki duba. Wanda ke da Littafi na Hausa mai manyan baƙaƙe ya taimaka ya zo da shi, Mama ta ce ita za ta karanta, kuma idonta ba ya ganin ƙanana.